Hayaƙin da Bai Fita Ba

A tsibirinmu da hayaƙi ake gaisawa. Ka tashi da safe ka leƙa taga, in ka ga rufin maƙwabci yana hayaƙi, to ya kwana lafiya, ba sai ka taka taɓo ka je tambaya ba. Safiyar da na leƙa na ga bututun gidan Don Eleuterio Remolcoy shiru, ko takalmin kirki ban tsaya nema ba.

Na same shi kwance kan bencin bayan murhu, inda ya saba kwana tun rasuwar matarsa, bargo har ƙirji, babu rai. Ɗakin girkin yana wani wari mai yaji da ya sa idona ruwa. Kyanwarsa ma tana ƙarƙashin bencin, ta sandare. Na bubbuɗe ƙofa da tagogi, na fita na ƙwala kira.

Kafin rana ta ɗaga gida ya cika. Rosamel, wanda mamacin ya tsaya masa uban baftisma, ya kuma riƙe shi kamar ɗan cikinsa, shi ya hau tsani da tocila ya shiga tsakanin silin da rufi. Ya sauko riƙe da gutsuren bututu. Farin ƙarfe ne, irin wanda ba ya tsatsa, wanda aka ce mana jikokinmu za su gada. Ga shi duk ya huhhuje kamar rariya. Ta nan hayaƙi ya riƙa zurarewa, ya cika saman silin, ya biyo tsagar katako ya sauko kan tsohon.

"Sanyi biyu kacal da sa shi!" in ji Rosamel. "Wannan ba farin ƙarfe ba ne, gwangwani aka shafa wa ƙyalli. An kashe mini Baba!"

Ba wanda ya tambayi wa ya sa bututun, don kowa ya sani. Wisnel Dorvil ne, mutumin Haiti da ya zo aikin gonar kifi, aikin ya ƙare, shi bai koma ba, ya buɗe rumfar ƙira kusa da mashigin jirgi. Rabin murhun tsibirin nan shi ya ja wa bututu. Mutanen da jiya suke kiransa “ɗan gida” yau sai ga su suna cewa “baƙon nan”. Aka kira 'yan sandan birnin Castro da ke ƙetaren ruwa, suka ce teku ta yi fushi, sai iska ta lafa za su ƙetaro. Kafin nan aka kulle Wisnel a ɗakin ajiya na coci, wai don kare lafiyarsa. Kowa kuwa ya san in suka tafi da shi, daga kurkuku sai jirgin da zai mayar da shi ƙasarsu.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na san mutanena: suna da kirki, amma in baƙin ciki ya kama su, neman wanda za su ɗora wa suke yi, kuma ba sa zuwa nesa.

* * *

Na tafi wajen Aladino Chiguay, ɗan kawuna. Shi ne mai bin sawunmu. In tunkiyarka ta ɓace, ko an kwance maka saniya, shi za ka kira. Zai bi ƙasa da ido har ya tsaya ƙofar wani, ya cire hula ya yi sallama. Sai dai sanyin jikinsa na iya sa mutum hawan jini.

"Uberlinda, ni dabbobi nake bi," ya ce, yana tsotson shayin mate. "Hayaƙi ba ya barin sawu."

"Tashi, tsohon banza. In ba ka duba ba ka ina ka sani?"

"Tsohon banza da kika girma."

Ya dai tashi. Muka fara da ɗakin ajiya. Wisnel yana zaune kan buhun dankali, wani ya fasa masa leɓe.

"Ƙarfen nan na gaske ne?" Aladino ya tambaye shi.

"Don Aladino, falle ɗaya na yanka na yi nasa da na Doña Uberlinda. A hau nata a duba."

"To me ya cinye nasa?"

"Shi nake ta tunani tun safe. Ƙarfen nan ruwa ba ya cinsa, wuta ba ta cinsa. Sai abu mai ci, irin ruwan batir." Ya sunkuyar da kai. "Duk Lahadi wurinsa nake cin abincin rana. Ko gawarsa ba su bar ni na gani ba."

Aladino ya hau saman silin ɗina. Ya sauko da yanar gizo a gemu, ya ce bututuna lafiya lau, har ya ga fuskarsa a jiki, bai kuma ji daɗin ganin ba.

* * *

Maganar ruwan batir ta kai mu ga Baldovino, ɗan ƙanin mamacin, makanikin injin jiragen ruwa. Kowa ya san shi da baffansa ba sa ga maciji tun rigimar iyakar gonar tuffa. Kuma a bayan gidan mamacin, ƙarƙashin indararo, Aladino ya ga ramukan ƙafar tsani guda biyu da sawun takalmin roba mai faci a dunduniya.

Mun same shi a rumfarsa, batura jere a bayansa. Aladino ya tsura wa dunduniyar takalmin Baldovino ido.

"Me kuke kallo? Eh, ni na hau rufin. Sai aka yi yaya?"

"Ka hau neman me?"

Baldovino ya yi ta goge hannu da tsumma, hannun da tuni ya bushe.

"Iska ta kayar masa da eriyar rediyo. Makaho, ba ya gani, rediyon ne abokin hirarsa. Na lallaɓa lokacin da ya tafi coci na ɗaure masa. Kada ku gaya wa kowa."

"Kunyar me kake ji?" na ce. "Alheri ka yi, ba sata ba."

"Gwaggo, da ya san ni ne, da ya sa an kwance."

Wannan kam gaskiya ne, halin gidansu ke nan. Duk da haka Aladino bai tsaya ga bakinsa ba. Ya koma gidan mamacin ya hau saman silin. Ƙurar da ke kan katako ta yi kauri, babu sawun kowa sai gwiwoyin Rosamel na safiyar nan. Ya ɗauko gutsuren bututun ya juya shi a hasken rana. Bayansa sumul, cikinsa ne ya zaizaye, da wani baƙin danƙo da ya gangara ya bushe.

"Daga ciki aka ci shi," ya ce. "Ba zuba masa aka yi ba. Abin da ya ci shi ta murhu ya hau."

Muka yi cirko-cirko. Ga mutum a kulle, ga iska ta fara sassautawa, mu kuwa mun wanke Baldovino ba mu wanke Wisnel ba. Ina ji wata mata tana cewa ai dama ƙarfen banza daga ciki yake ruɓewa.

* * *

Washegari da hantsi, ana rera addu'o'i a ciki, na fito neman itacen dafa wa masu zaman makoki abinci. Na tarar da Aladino tsugune gaban rumfar itacen mamacin, kamar mai neman allura.

"Ka tashi ka ba ni hanya, tukunya na jira."

"Linda, tumakin wa ke kiwo ta nan?"

"Na kowa. Shinge ya faɗi tun bara."

"Akwai ciyawa a rumfar itace?"

Na duba. Babu ko ɗigo. Amma ƙasar gaban rumfar duk ta dagule da sawun kofato, sabo kan tsoho, tsoho kan wanda ya fi shi tsufa. Hanya ce sosai tumaki suka fitar, daga gangare har bakin tarin itacen. Kawunan itacen da ke layin ƙasa kuwa sun yi santsi, sun yi fari.

"Tunkiya ba ta cin itace," ya ce. "Lasa suke zuwa yi."

Ya zaro guda ya ɗora harshe, ya miƙo mini. Na ce Allah ya kiyaye in lashi abin da tunkiya ta lasa. Ya ce ai ba yau na fara cin abin da ya fi wannan ba. Na lasa. Gishiri ne zalla.

Nan na gane da matsala, don na san daga ina itacen gidan nan ya kamata ya fito. Al'adarmu ce, kafin sanyi ya shigo kowane gida ya shiga daji ya sare kaya guda na tepú, itacen nan mai nauyi da ke kwana da garwashi, domin tsofaffin da ba su da mai yi musu. A tara a bakin daji, kowa ya yi wa nasa alama da gatari, mai shanu ya jawo ya kai. Kason Don Eleuterio kuwa Rosamel bai taɓa yarda wani ya ja ba. Yakan ce, “Babana ne.”

Aladino ya bi bayan rumfa, inda amalanken ja, marar ƙafafun nan, ke sauke kaya. Ruwan sama ya wanke sawun da ke fili, amma ƙarƙashin itatuwan tuffa ƙasa ta riƙe. Layi biyu masu zurfi, da sawun shanu biyu, ɗaya yana jefa ƙafar baya waje. Hanyar daji tana hawa dama. Sawun nan hagu ya yi, ya gangara.

Muka bi shi, ni ina haki, shi yana tafe hannu a baya. Ya kai mu wani lungu na bakin teku da ba a cika zuwa ba, inda igiya ke tara kututtura. Akwai tsohon jirgin katako da ya daɗe kife a wurin, ruwa na shiga yana fita. Rabinsa babu. Ga garin zarto a kan duwatsu.

Daga nan muka ci gaba da bin sawun shanun har muka isa bayan gidan Rosamel, wanda ke daf da bakin daji. Ɗakin bandar kifinsa yana hayaƙi mai ƙamshi. A jikin bango ga tepú a jere har rufi. Na ga alamar gidan Chiguay, na ga ta gidan Barría. Na ga tawa, sara biyu a gicciye, wadda na yi da hannuna ina cewa tsohon zai ji ɗumi.

"Amma gishiri ya ci ƙarfe?" na ce. "Farin ƙarfen da ke jikin jiragenmu a cikin teku yake kwana."

"Ban sani ba," in ji Aladino. "Ni iyakar sanina, itacen teku ya shiga gidan nan, na daji bai shiga ba. Sauran sai mai ƙarfe."

Da muka miƙa wa Wisnel itacen ya sinsina, ya lasa, sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Na gaya wa tsohon! Ranar da na sa bututun na gaya masa, kada itacen teku ya shiga murhun nan. Gishiri a ruwan sanyi daban, gishiri a wuta daban. In ya ƙone yana bin hayaƙi. Can sama, inda bututu ke hucewa, hayaƙin ya yi gumi, gumin nan kuwa ɗan'uwan ruwan batir ne. Ya kwanta a ciki yana ci a hankali."

"Me ya ce maka?"

"Dariya ya yi. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana ƙera jirgi, ni zan koya masa teku?"

* * *

Bayan cin abincin rana Aladino ya roƙi kowa ya zauna a ɗakin girkin mamacin. Ya sa aka zo da Wisnel. Aka yi ta gunaguni, wani ya ce a gaban gawa? Na ce masa gawar ta fi shi sanin wanda ke kawo mata ziyara.

Aladino ya ajiye itacen a tebur.

"Kowa ya lasa."

"Wasan yara za mu yi a gidan makoki?" in ji wani dattijo.

"Lasa dai, kawu. Tumakinka sun riga ka."

Itace ya zaga hannu zuwa hannu. Masu lasa suna yamutsa fuska. Da ya iso kan Rosamel bai karɓa ba.

Aladino ya faɗi abin da ya gani, dalla-dalla, ba tare da ya ɗaga murya ba: hanyar tumaki, sawun sa mai jefa ƙafa, rabin jirgi, tepú a ɗakin banda. Bai ambaci sunan kowa ba. Ba a bukata, sa ɗaya ne a tsibirin nan mai irin wannan tafiya. Sannan ya ce Wisnel ya faɗi nasa, ya faɗa.

"Ƙarya ne!" Rosamel ya miƙe. "Kakanninmu da itacen teku suka yi girki, wa ya mutu? Ku ma wa bai taɓa tsinto kututture ya jefa a wuta ba? Ku faɗa mana!"

Na ga mata suna satar kallon juna.

"Kakanninmu a tsakar ƙasa suke hura wuta, hayaƙi ya fita ta jinka," in ji Aladino. "Ba su da bututun da zai huje. Ban ce ka yi niyyar kisa ba, Rosamel. Na ce ka canja itace."

Rosamel ya koma ya zauna. Maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. A sanyin farko san nasa ya gurɗe, hanyar daji zuwa gidan tsohon ga hawa ga taɓo, bakin teku kuwa kusa. Ya ce sau ɗaya zai yi. Ya faskara shi tsaf, ya jera. Tsohon bai gane ba, ai ba ya gani. Tepú kuma yana zube a ƙofar gidan shi Rosamel, kifi na bukatar itace mai kyau.

"Bai sani ba," ya ce. "Na rantse bai taɓa sani ba. Kullum godiya yake mini."

Aladino ya daɗe yana kallonsa. Na san ɗan kawuna. Na ga yana auna ko ya yi shiru. Sai ya miƙa hannu kan kantar da ke saman bencin da tsohon ke kwana, ya sauko da wani gwangwanin shayi, ya juye a tebur. Ƙusoshin jan ƙarfe ne, irin na haɗa jirgi, sun yi baƙi da wuta, an wanke su, an miƙar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Daga toka yake tsince su. Mutumin da ya ƙera jirgi da hannunsa, ko ba ido ya san katakon jirgi. Ya sani tun kayan farko. Da ya yi magana, da sunanka ya zube a tsibirin nan. Sai ya yi shiru, ya yi ta ƙonawa."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da Rosamel ya yi ba. Na tsane shi a lokacin, kuma na tausaya masa, duka biyun a tare. Na kuma ji haushin tsohon da ke kwance cikin akwati, wanda aka gaya masa gaskiya ya yi dariya.

Ba wanda ya iya kallon Wisnel. Shi ne ya fara magana.

"Gida nawa ke ƙona itacen teku?"

Hannuwa suka tashi a hankali, sun fi yadda na zata yawa.

"A ba ni tsani," ya ce. "Akwai masu kwana da yara a ɗakin girki."

* * *

Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, leɓensa a kumbure. Ya sami bututu uku da suka fara huda, ɗaya a gidan mutumin da ya fasa masa bakin. Ya canja su. Ana kawo masa wainar dankali da ruwan tuffa, ana ta “ɗan gida, ɗan gida”, yana cewa ya gode. Da 'yan sanda suka ƙetaro, Rosamel da ƙafarsa ya je ya same su. Aka binne tsohon, Wisnel yana cikin masu ɗaukar akwati.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata safiya na ga ana loda kayan ƙirarsa a jirgin Castro. Na gangara da sauri.

"Wisnel, wannan fa? Ai an wanke ka. Kowa ya san ba ka da laifi."

"An wanke ni, Doña."

"To zauna mana. Mutane sun yi nadama, wallahi sun yi."

Ya ajiye akwatin da ke hannunsa. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi jin sauƙi.

"Shekaruna a nan ina shiga gidajenku, ina cin abincinku. Ranar nan na ce ƙarfena na gaske ne, mutum biyu kaɗai suka tsaya suka saurara. Ba maganata aka yarda da ita ba, Doña, sawun tumaki aka yarda da shi. Da ruwan sama ya wanke shi fa?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a tsibirin nan, na buɗe baki na rasa abin cewa. Ya sumbaci kumatuna kamar yadda ake yi wa uwa, ya ɗauki akwatinsa ya shiga jirgi. Na tsaya a mashigin har aka kwance igiya, ina jira ko amsa za ta zo mini. Har yau ba ta zo ba.